Kunnena na Hagu

Malamin Turanci ne ya kashe mini kunnen hagu, kuma har gobe ban yafe ba.

Ba a daɗe da kamo ni daga garkenmu a Takur an jefa ni boko ba. Wata azahar ya karanta mana karin maganar Turawa mai hana kuka in nono ya zube, wai ma'anarsa in abu ya ɓaci a haƙura. Na ce, "Malam, waɗannan ba su taɓa tatsar saniya da rani ba."

Ya fizge allona ya maka mini a kunne. Har yau ina jin ƙarnin jinin. Na dube shi na ce, "To Malam, ga nawa ya zube. Shi ma Turawan naka sun hana a yi masa kuka?"