Fatsa Biyu, Tarwaɗa Ɗaya

Fatsarsa ta yi nauyi daidai lokacin da ruwan sama ya ɓarke. Tun safe yake zaune a bakin tafkin bayan Lausu, ko ƙaramar karfasa bai kama ba.

Sauran masu fatsa suka kwashi kayansu suka ruga, shi kuwa ya kafe ƙafa cikin taɓo yana ihu, "Allahu Akbar! Yau na kama babba!" Ruwa na dukan fuskarsa, ko gabansa ba ya gani. In ya ja, sai a ja shi. Ya bi igiyar har ruwa ya kai masa ƙugu, yana dariya kamar yaro.

Sai ga ƙatuwar tarwaɗa ta taso, ta naɗe fatsa biyu a jikinta. Mai ɗaya igiyar ya fito daga bayan ciyawa a jiƙe sharkaf. Yayansa ne, wanda rabonsu da magana tun rikicin gonar gado.

Suka tsaya suna haki, kowa riƙe da igiyarsa.

"To, ta wa ce?" in ji ƙanen.

Yayan ya share ruwa daga gemunsa.

"Kai dai kama wutsiyar. Inna za mu kai wa."