Gudun Bakin Layi

Alƙalin wasa ya busa tashi, shi kuwa yaron da ke bakin layi ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo ba.

Yau masu zaɓen 'yan wasa suka zo filin Batsari daga Katsina, ranar da ya daɗe yana mafarkinta. Tun dawowa daga hutun rabin lokaci koci ya ce ya tashi ya motsa jini. Ya yi ta kai da komo a bakin layi, yana jiran kiran da bai zo ba, har baƙin suka tafi da sunayen wasu.

Can ya hango mahaifinsa, wanda ya baro gona ya hawo mashin daga Runka, ta hanyar da kowa ke tsoro. Tsohon bai taɓa kallon ƙwallo ba.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me, ɗan nan?" Fuskarsa sai annuri take. "Su sun taru suna rububin abu guda, kai kuwa an ware maka gefenka kai kaɗai. Kai na kalla har aka tashi. Yaushe baƙin za su kira ka?"

Yaron ya dubi hanyar da baƙin suka bi suka tafi.

"Sun ce sai sun yi shawara, Baba."