Ɓarnar da Aka Ɗora wa Raƙumi

Ka ce Turanci ya ishe ka da yawan kalmomi: ga ta ƙiyasi, ga ta hukunci, ga ta bayani, kai kuwa a kotu ka ga duk tafiyarsu ɗaya, don me tafinta irinka zai wahalar da kansa wajen rarrabe su. To ɗan'uwa, gyara zama. Na koyar da Turancin nan har furfura ta cika mini kai, amma ba a aji na gane bambancinsu ba, a wannan labarin na gane shi.

Wani falke mai sayar da gishiri ya sauka a bayan wani ƙauye da kaka, lokacin da dawa ta nuna ta sunkuyar da kai. Duk abin da ya mallaka a duniya raƙumi ne guda ɗaya. Ya shayar da shi a fadama, ya dabaibaye shi, ya kwanta. Gari na wayewa sai ihu: an yi wa gonar wani manomi kaca-kaca. Raƙumin kuwa ya tsinke dabaibayi, ga shi a bakin gonar yana tuƙa, ganyen dawa na reto a leɓensa. Me kuma ake jira? Aka kirawo mai ƙiyasin ɓarna na garin, dattijon da ba a taɓa kama shi da son kai ba. Ya kewaya gonar, ya ce hatsin da ya salwanta zai ci da gida har faɗuwar damina, kuma bai yi ƙarin ko zangarniya ɗaya ba. Jama'a suka ce ai shi ke nan, raƙumi ya zama na mai gona. Falken ya zauna a ƙasa ya rungume akala. Ko rantsuwa ya kasa yi, don shi ma ya ga ganyen a bakin dabbarsa.

Mai garin nan yana da wata al'ada da ya gada, wadda mutanensa ke yi wa kallon ɓata lokaci. Ba ya yanke hukuncin ɓarna a zaure. Sai an koma gonar, wanda ya yi ƙiyasi ya shiga gaba, ya bi ɓarnar daga inda ta fara har inda ta ƙare, yana faɗa wa jama'a yadda aka yi ta. Mai gona ya yi ta gunaguni, wai ga ƙoshi ga kwanan yunwa, amma dole aka tafi. Dattijon ya shiga gaba da ƙarfin gwiwa, yana nuna inda raƙumi ya shigo da inda ya fara ci. Da aka nutsa cikin gonar sai muryarsa ta fara yin ƙasa. Karan nan ba gutsurar sa aka yi ba, tumɓuke shi aka yi har saiwa, aka kakkaɓe ƙasar. Gaba kaɗan ga reshen kanya mai kaurin cinyar ƙato a yashe, an ɓalle shi kamar tsinke. Ga kuma kashi tsibi guda, kowane curi ya cika ƙwaryar fura, alhali kowa ya san na raƙumi bai wuce dabino ba. Daga nan dattijon ya ci gaba da bin hanyar har bakin fadama, inda ƙasa ke da danshi.

Sawun raƙumin na nan inda aka shayar da shi jiya. A bisansa kuma, ya shafe fiye da rabinsa, ga wani sawu kamar an dasa gindin turmi an ɗauke, har ruwa ya taru a ciki. Mutanen garin sun ji labarin giwa a bakin kakanninsu, amma babu mai rai a cikinsu da ya taɓa ganin ta a ƙasar. Ga shi ta zo, ta ci, ta sha, ta wuce, gari guda na barci, ko kare bai yi haushi ba. Raƙumin ne kaɗai ya ji warinta ya tsinke don tsoro, da safe ya dawo yana tsintar abin da ta bari. Wallahi duk lokacin da na kawo nan a labarin sai tsigar jikina ta tashi. Jama'a suka kewaye sawun, ba ka jin komai sai Subhanallahi, har mai gonar kansa ya manta da hatsinsa ya durƙusa yana gwada tafin hannunsa a ciki. Can dattijon ya ce, “Ranka ya daɗe, ƙiyasina na nan daram, hatsi ya tafi. Amma bayanin ya ƙi bin raƙumi.” Mai gari ya ce kowane magidanci ya kai wa mai gona dami, falke kuma ya ja dabbarsa. Falken ya tashi zai yi godiya, kuka ya hana shi.

Ka ga babu wanda ya yi ƙarya a garin nan, duk da haka sauran ƙiris a raba bawan Allah da abincinsa, don an ɗauki ƙiyasi an sa masa rigar hukunci tun ba a ji bayani ba. Gobe in shaida ya faɗi abin da ya kintata, kada ka miƙa wa alƙali shi kamar magana ce yankakkiya, kuma in ya fara bayanin yadda aka yi, kada ka gajarta masa don kana sauri. Raƙumin wani ne a bakinka. Hausawa suka ce, sawun giwa ya taka na raƙumi.