Ba Kati, Ba Shiga

"Fito da katin mana, Lazarus, rana na dukanmu!" in ji Jacinta a gaban mai gadin ƙofar jami'a.

Ya sake laluba aljihu, gumi na karyo masa. Tun da jami'a ta kawo sabon katin ɗalibai, ba aji, ba cin abinci, ko ƙofa ba a wucewa sai da shi.

"Ke fara shiga."

"Kai dai fara!"

Ya runtse ido. "Ni ba ɗalibi ba ne. Gyaran waya nake a Dawaki. Dominki nake zuwa."

Ta saki baki. "Amma ka cuce ni! Ni da nake rufe shagon ɗinkina kullum, in ari littattafai don in burge ka?"

Ta dubi mai gadi. "Baba, riƙe ƙofarka. Gidanmu zan kai shi."