Ɗaurin Sekove

Duk tsibirin Kadavu babu mai ɗaure jirgin ruwa kamar Sekove. Shi ya faɗa. In aka zauna da yamma shan kava, jiƙon saiwar da maza ke sha a wurin hira, sai ya miƙe ƙafa ya lissafo guguwowin da suka kwashe jinkar coci, suka tuge bishiyoyin kwakwa, amma jirginsa ko ƙwarzane bai yi ba. Sirri ne, in ji shi, don haka ba ya yarda namiji ya bi shi cikin kurmin taɓo inda yake ɓoye shi.

Da rediyo ta ce mahaukaciyar guguwa za ta iso kafin magariba, sai mazan ƙauyen suka jawo jiragensu har ƙofarsa. Da su ake kamun kifi, da su ake kai mai naƙuda asibiti.

"Baba Sekove, yau kam duk naka ne. Mu za mu je mu danne jinka."

Ya yi dariya, ya bugi ƙirji. Da suka juya baya dariyar ta ɗauke. Wannan ce guguwa ta farko tun da aka binne matarsa Litiana.

Ya ja jiragen ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin kurmin. Sama ta yi baƙi ƙirin, tsuntsaye sun yi tsit. Ya ƙulla igiya a saiwa, ya kwance, ya sake ƙullawa. Ya tsaya yana kallon hannuwansa. Daga bisani ya ɗaure kowanne tamau, ya ja har tafinsa ya yi jini, ko motsi jiragen ba sa yi.

Iska ta fara kuka a cikin ganye. Sai ga taubashiyarsa Mereoni ta kutso cikin taɓo, zane ɗage zuwa gwiwa. Ta taɓa igiya ɗaya, ta ji ta kamar tsirkiyar baka.

"Wayyo! Kai tsohon banza, in teku ta taso ina za su hau? Ba ka bar musu sarari ba, nutsewa za su yi gaba ɗaya!"

"Ke, salo ne. Haka nake yi kullum."

Ruwa ya riga ya kai musu cinya. Mereoni ta fara kwance ƙullin da haƙora, tana haki.

"Kullum a ina? Matsa ka kama min nan. Ni da marigayiya muke ɗaure jirginka duk shekarun nan, kai kana zaune a kan tudu kana gadi kada wani ya gan mu."