Sunan da ke Jikin Kwalekwalen Nicanor

Tun daga ƙofar ganuwar San Felipe Eufemia ta fara dariya, ba ta kuma daina ba. Baƙin tabarau irin na 'yan yawon buɗe ido ya cinye mata rabin fuska, hannunta kuma na saƙale da na Nicanor, masuncin da ya yi alkawarin nuna mata birnin Cartagena kaf a yini ɗaya.

Komai ta tarar sai ta tsaya. Ta shafa tsohuwar igwa, ta ce ashe baƙa ce. Ta tafa wa tuta. Ta sayi mangwaro har uku wurin mai talla don kawai jansu ya burge ta. Da suka kai ƙololuwa ta hango teku, zama ta yi daɓas a ƙasa tana ƙyaƙyatawa har da hawaye.

Shi kuwa Nicanor yana tsoron isa bakin ruwa. Ya daɗe yana cika mata baki cewa sunanta ne a rubuce jikin kwalekwalensa, alhali Chela ne, sunan budurwar mutumin da ya sayar masa. Masunta ba sa canza wa jirgi suna, sun ce teku ba ta yafewa. Amma yau da sassafe tsoron Eufemia ya rinjayi tsoron teku, ya ɗauki fenti ya shafe Chela, ya rubuta Eufemia a kai.

Don fentin ya samu ya bushe, ya zagaya da ita kowane lungu na ganuwar sau biyu, ya ƙirƙiro yaƙe-yaƙen da ba a taɓa yi ba. Daga ƙarshe ta ce tarihin ya isa haka, bakin ruwa take so. Wajen saukowa ta rufe ido, wai ta fi jin daɗin matakala a haka.

A bakin ruwa abin ya ƙaru. Ta kori tsuntsayen da ke dakon kayan cikin kifi, ta ɗaga hanci ta faɗa wa mai kifi wanne ne na jiya, ta yi ta ƙirga kwalekwale shuɗi da kore kamar za ta saye su. Evaristo, abokin kamun kifin Nicanor, ya ɗago daga ɗinkin koma.

"Mutumina, me ya samu farcenka ya zama ruwan ɗorawa? Ko ciwon shawara ne?"

Nicanor ya cusa hannu aljihu. Ya makara, Eufemia ta riga ta durƙusa gaban jirgin. Ta ɗora yatsa kan harafin farko, fenti ya biyo yatsan, ga Chela tana leƙowa daga ƙasa. Nicanor ya ji kamar ya faɗa ruwa.

Ta ɗaga yatsan tana kallo, sai dariya ta ƙwace mata.

"Tsohon banza. Kullum ina jin abokanka na kiran jirgin nan Chela. Ka ɗauka kunnen ma ya mutu ne?"

Ta cire tabarau, ta karanta sunanta a hankali, harafi bayan harafi. Sannan ta juyo ta ƙura wa mijinta na shekara ashirin da bakwai ido, mutumin da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba sai jiya, da likita ya kwance mata bandejin ido bayan aikin da ya dawo mata da gani.