Magajin Janar Urrutia

Anselmo yana da shekara tara aka fara harbinsa. Ranar bikin waliyyin gari ce, yana tafe a gaban jerin gwano riƙe da kyandir, ubansa Janar Urrutia, mai ƙasar gaba ɗaya, yana can baya tsakiyar sojoji. Harsashin ya tafi da rabin kunnensa. Da aka ɗinke, Janar ya leƙo ya ce, "Ka gani ko? Tun ba ka girma ba suna tsoronka." Yaro kuwa sai kansa ya kumbura.

Wai haka al'adar gidan take, magaji ne ke shiga gaba. Shi ke fara kurɓar gahawar uban ko da an sa guba, shi ke tsayawa a buɗaɗɗiyar mota yana ɗaga wa jama'a hannu. Uwarsa, Doña Leocadia, ko a jikinta. Ita dai duk bazara sai ta tafi Turai ganin likita, ta dawo tana sheƙi, ta miƙa masa hannu ya sumbata, shi ke nan.

Yana cika sha biyar, Kanar Casimiro, wanda ya tsaya masa a matsayin uba ranar baftisma a coci, ya kai shi filin bayan fada. An ɗaure ma'aikatan gonar ayaba huɗu da suka yi yajin aiki. Kanar ya miƙa masa bindiga.

"Kawu, wannan fa tsoho ne."

"Tsoho ba ya mutuwa ne? Harba, kyan ɗa ya gaji ubansa."

Ya harba, ya yi amai a kan takalminsa. Kafin ya kai ashirin da uku amai ya daina zuwa. Janar ya bar masa sa hannu a kan duk takardar kisa, jarida ta riƙa buga hotonsa tsaye kan gawarwaki, har ta kai mata da sunansa suke tsorata yara su ci abinci. Ya san an tsane shi, kuma abin yana cinsa, amma kujerar mulki yake so, ya kuma ga ya wahala a kanta fiye da kowa.

Wata Talata da safe Janar ya kifa kai cikin farantin wake, bai sake ɗagowa ba. Kwana uku gari yana ci da wuta. Manoma suka cika ƙofar fada da adduna, bakinsu ɗaya: "A ba mu ɗan!"

Ranar Juma'a Anselmo ya sa kakin ubansa, ya zauna jiran babban limamin coci ya zo ya rantsar da shi. Sai ga Casimiro da soja shida. Maimakon su hau da shi bene, ƙasa suka yi da shi. Ya buɗe baki zai yi tsawa, gindin bindiga ya zubar masa da haƙora.

A turken da ya saba ɗaure mutane suka ɗaure shi, aka wangale ƙofa jama'a suka kwararo. Wata tsohuwa da ya kashe wa 'ya'ya uku ta ɗauki dutse ta fasa masa goshi. Kai, ranar ya san tsoro!

"Kawu, ka haukace ne?" ya faɗa, jini na cika masa baki. "Ni ne fa magaji!"

Casimiro ya duba sama. Doña Leocadia ce ta fito barandar bene tana kuka, rungume da wani saurayi cikin fararen kaya, wanda Anselmo bai taɓa gani ba. Sojoji suka ƙame suka sara masa.

Kanar ya matso da ƙyallen rufe ido, ya yi ƙasa da murya.

"Yi haƙuri, yaro. Wancan shi ne ɗan Janar, jiya ya sauka daga Turai, ko kaza bai taɓa yankawa ba. Kai ni na ɗauko ka a gidan marayu kana wata biyu, don ka sha masa harsashi da tsinuwa."